WA KE JINYAR MAI JINYA?

Akwai wani zalunci da ake tafkawa a cikin gidajen Musulmi wanda ba a cika yi masa wa'azi ba, ba a kuma tashi a yi tir da shi a taro, saboda masu yin sa ba sojoji ba ne, ba 'yan siyasa ba ne, 'ya'yan gidan ne da kansu. Zaluncin nan kuwa shi ne a ɗauki jinyar tsoho ko tsohuwa, ko ta yaro mai ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a jibga ta a kan mutum guda, a bar shi da ita wata da watanni, shekara da shekaru, har shi ma ya kai ga kwanciya. Idan kuma aka bincika, a mafi yawan gidaje mutum gudan nan mace ce.

Ko dai autar gida ce da aka cire daga makaranta wai na ɗan lokaci, ko bazawara ce da ta dawo gida aka ce ai ba ta da aikin fari balle na baƙi, ko matar ɗa ce da aka kawo ta zaman aure ta tarar da zaman jinya, ko kuma tsohuwa ce mai fama da hawan jini take ɗaga tsohon da ya fi ta nauyi. Wani lokaci kuma saurayi ne guda aka bari da mahaifi, yayyensa suna Abuja ko Legas, iyakarsu su turo kuɗi a ƙarshen wata su bugo waya suna tambayar me aka yi da na watan jiya.

Ranar Juma'a, bayan an sallame, za a ga samari cikin fararen kaya da hula an kafa, sun nufi gida ko asibiti dubiya. Za su yi sallama, su ajiye ledar lemo da ayaba, su ce "ya mai jiki?", a ce musu "da sauƙi". Su ɗaga hannu a yi addu'a, a shafa. Wadda ta kwana ba ta runtsa ba tana tsaye a gefe, ita ce ma za ta kawo musu ruwa da abinci, ta kuma wanke kwanukan bayan sun tafi. Abin da za ta samu daga bakinsu bai wuce "sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba da lada" ba. Babu wanda ya tambaye ta ko ta ci abinci, babu wanda ya ce ta je ta kwanta ya zauna a madadinta ko da na awa biyu ne. Wai shin wa ke jinyar mai jinya?

JINYA BA ZAMA BA CE

Wanda bai taɓa yi ba yana zaton jinya ita ce a zauna a bakin gado ana fifita. Sai ya je ya tambayi wadda ke kula da mai shanyewar ɓarin jiki. Wanda ba ya iya motsi da kansa, ma'aikatan lafiya sun ce a riƙa juya shi kamar duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar da ta danni katifa sai ta mutu ta zama gyambo a ƙugu da duddugen ƙafa, gyambon da ke iya kai ruɓa cikin jini. Ma'ana, mai jinyar ba ta da baccin da ya wuce awa biyu a jere. Sannan ga kai fo da wanke shi, ga sauya zanin gado, ga wanka, ga ba da kunu cokali-cokali a hankali don kada ya shaƙe, ga ƙirga ƙwayoyin magani na safe da na dare.

Idan asibiti aka kwanta, abin ya ninka. Kowa ya san yadda asibitocin gwamnati suke a ƙasar nan: nas guda ga gadaje masu yawa, don haka ciyarwa da wanki da zubar da bahaya duk suna kan dangi. Mai jinya ce ke bin layin kati, ta kai jini ɗakin gwaji, ta fita neman maganin da aka ce babu, ta dawo ta shimfiɗa tabarma a baranda cikin sauro da sanyin hunturu. Uwar yaro mai sikila kuwa, wannan ita ce rayuwarta tun yaron yana goye, kuma a Nijeriya ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da wannan ciwo duk shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya. Ga kuma tsohon da ciwon mantuwa ya kama, wanda zai tashi tsakar dare ya buɗe ƙofa ya ce zai tafi gona, ya zagi 'yar da ke wanke shi, ya ce ta sace masa kuɗi, alhali ba ya ma gane ta.

JIKI MAGAYI

Wannan wahala tana da farashi, kuma jikin mai jinya ne ke biya. A 1999 an buga wani bincike a Amurka kan tsofaffin da ke jinyar mazajensu ko matansu. Aka gano cewa waɗanda ke jinya cikin ƙunci da damuwa, haɗarin mutuwarsu a cikin shekara 4 ya ɗara na takwarorinsu marasa jinya da kashi 63 cikin 100. Kafin nan, a 1995, wasu masu bincike sun yi wa mata masu jinyar dangi masu ciwon mantuwa ɗan ƙaramin rauni a fata, suka yi wa wasu matan da ba sa jinya irinsa. Raunin masu jinyar sai da ya ɗauki kusan kwana 9 fiye da na sauran kafin ya warke. Idan haka abin yake a ƙasar da ke da wuta da ruwan famfo da keken guragu, ina ga wadda sai ta ja ruwa a rijiya ta hura itace kafin ta yi wa tsoho wanka?

Kuma a ko'ina a duniya mata ne ke ɗauke da kayan. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa kashi 76 cikin 100 na aikin kula da iyali wanda ba a biya, mata ne ke yin sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke da ciwon mantuwa, kuma kashi 70 cikin 100 na awoyin da ake ɓatawa wajen kula da su daga mata suke fitowa. Abin ya kai har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 29 ga Oktoba, tun daga 2023, don tunawa da masu wannan hidima. Abin kunya ne a ce sai waɗanda ba su san Suratul Isra'i ba ne za su tuna wa Musulmi haƙƙin wanda ke hidimar iyaye.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne ga mai ido. Rama, ciwon kai da ba ya tafiya, ciwon baya saboda ɗaga babban mutum, rashin bacci ko da an samu dama, kuka ba dalili, saurin fushi, ƙaurace wa mutane. Wata har zuciyarta ta raya mata cewa da ma a huta, sannan ta koma tana kuka tana ganin ta zama 'yar wuta. Daga nan ne ake fara jin tsawa a ɗakin tsohuwa, a fara finciko hannu maimakon a tallabo. Sai 'yan'uwa maza, waɗanda ba su taɓa ɗaukar fo ba, su taru a zaure su yanke hukunci cewa yarinyar nan ba ta da tarbiyya, ko kuwa aljanu ne suka shafe ta. Kaico! Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ɗora wa jaki kayan raƙumi ba shi da bakin zagin jakin idan ya durƙushe.

HUJJOJI HUƊU DA BA SU DA ƘAFA

Na farko, sai a ce ai maza su ne ke neman kuɗin magani. Gaskiya ne ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan ɗa mai hali, kuma wanda ke fita tun asuba don ya kawo kuɗin allura yana cikin jinyar. To amma ina wanda ba ya kawo ko sisi, kuma ba ya kwana? Ina wanda ke da awa uku na zaman majalisa a wurin mai shayi, da awa biyu na gidan kallon ƙwallo, da rabin dare na musu a WhatsApp kan mas'alolin da manyan malamai suka gama da su tun ƙarni na uku? Shi kuma mai kawo kuɗin, ranar da ba ya aiki fa?

Na biyu, wai mata sun fi iya jinya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Babu wanda aka haifa da iya juya maras lafiya, koyo ake yi. Saurayin da ya iya kwance injin babur ya mayar, ya iya koyon sauya zanin gado. Sannan idan mahaifi ne a kwance, wa ya fi dacewa ya yi masa tsarki, ɗansa namiji ko matar ɗansa? Ina kishin al'aurar da ake ta faɗa a lasifika? Mutum ya iya yi wa matan unguwa wa'azin hijabi, amma ya bar matarsa ko ƙanwarsa tana wanke tsiraicin mahaifinsa yana zaune a waje yana latsa waya. Malaman fiƙihu kuwa sun bayyana cewa hidimar surukai ba wajibi ba ce a kan matar ɗa. Idan ta yi, kyautatawa ce da ya kamata a gode mata. Wajibin yana wuyan wanda aka haifa.

Na uku, wai ai lada take samu. Tabbas tana samu. To in har an yi imani lada ce, me ya sa aka bar mata ita kaɗai? A ina aka taɓa ganin an raba gado ɗa namiji ya ce ya yafe wa ƙanwarsa nasa kason? Ranar rabon gida da gona kowa yana nan da ƙididdigarsa, ya haddace cewa namiji yana da rabon mata biyu. Ranar rabon kwanan jinya kuwa lissafi ya ɓace.

Na huɗu, wai laifin gwamnati ne. Wannan akwai gaskiya a ciki, kuma ba za a ɓoye ta ba. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya, Nijeriya mai masaukin baƙi ba ta taɓa cikawa ba. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. An sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2022, amma talakan da ke kwance a ɗaki bai gani a ƙasa ba. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira, kuɗin magani da na zuwa asibiti suka yi tashin gwauron zabi. Duk wannan haka yake. Sai dai ba minista ne ya hana saurayi ya kwana a ɗakin mahaifinsa ba. Wanda ke Allah wadai da zaluncin masu mulki da rana, ya dawo ya zalunci ƙanwarsa da dare, da wane baki zai yi magana?

MAZAJEN FARKO SUN YI JINYA

Matasa suna son labarin Badar, kuma sun yi daidai. To a cikin labarin akwai wani ɓangare da ba a cika tsayawa a kansa ba. A watan Ramadan na shekara ta 2 bayan Hijira, Sayyidina Usman bin Affan (RA) bai fita Badar ba, saboda matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW), tana kwance ba lafiya, kuma Annabi ne da kansa ya bar shi ya yi jinyarta. Madina cike take da mata, amma mijinta aka zaunar. Da aka dawo, aka ba shi kasonsa na ganima, aka kuma tabbatar masa da ladan wanda ya halarci yaƙin, kamar yadda ya zo a Sahihul Bukhari. Zaman jinya aka auna da Badar, sannan yau wani ya ce aikin mata ne!

Wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya amsa, sai aka mayar da shi gare su, aka nuna masa cewa fagen famarsa yana can. Uwaisul Ƙarni ya zauna a Yaman yana hidimar mahaifiyarsa, bai samu ganin Annabi ba, amma Sayyidina Umar (RA) da girmansa ya neme shi cikin ayarin mutanen Yaman ya roƙe shi ya nema masa gafara. Abdullahi bin Umar (RA) ya bar sallar Juma'a ya hau abin hawa ya tafi wurin Sa'idu bin Zaidu da aka gaya masa jikinsa ya tsananta. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Mukhtasar na Shehu Halilu, sun lissafa jinya cikin uzurorin da ke sauke halartar Juma'a da jam'i. Shari'a ta sauke wa mutum Juma'a saboda jinya, amma saurayi ya kasa sauke kallon ƙwallo.

Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i, waɗanda suka haɗa tauhidi da kyautata wa iyaye, suka kuma hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa gare su lokacin tsufa, ba su ware 'ya'ya mata ba. Duk ɗan Islamiyya ya haddace su. Saura aiki.

JIKIN MAI JINYA AMANA NE

Shi kuma mai jinya, mace ko namiji, ya kamata ya san cewa neman hutu ba saɓon iyaye ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Salmanul Farisi (RA) ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, abin da ya fara lura da shi kuwa shi ne halin da matar gidan take ciki, har ya tambaye ta. Sannan ya tilasta wa mai gidan ya ci abinci, ya hana shi tsayuwar dare sai can ƙarshensa, ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai na jikinsa da na iyalinsa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. Haka nan da Annabi ya ga igiya ɗaure a masallaci, aka ce masa Zainab ce ke riƙewa idan ta gaji da sallar dare, sai ya ce a kwance ta, mutum ya yi iya ƙarfinsa, idan ya gaji ya zauna. Addinin da ya hana a kashe jiki a kan nafila ba zai yarda a kashe shi a kan aikin da mutum biyar ya kamata su raba ba.

Don haka mai jinya ya buɗe baki ya faɗi abin da yake buƙata, kuma ya faɗe shi da suna: wane ya karɓi daren Talata, wane ya kai Baba asibiti ranar Alhamis. Kunyar da ke kai mutum kabari ba ta cikin kunyar da aka yaba. Ya ci abinci a kan lokaci, ya nemi bacci, domin babban mutum yana buƙatar awa 7 a dare. Duk ranar da aka kai maras lafiya ganin likita, shi ma ya miƙa hannu a auna jininsa. Ya roƙi nas ta nuna masa yadda ake ɗaga mutum da ƙarfin gwiwa ba da gadon baya ba. Ya wanke hannu da sabulu, ya sa safar hannu wajen jini da bahaya. Idan tarin fuka ake jinya, a buɗe tagogi, shi ma ya je gwaji, kyauta ake yin sa da maganinsa a cibiyoyin gwamnati. Idan baƙin ciki da rashin bacci suka wuce mako biyu, ko zuciya ta fara raya masa ya cutar da kansa, ya haɗa addu'a da ganin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da Maiduguri, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

ABIN DA YA RAGE WA MATASA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk gidan da ke da maras lafiya a kwance, 'ya'yan gidan su zauna yau ɗin nan, kafin Magariba, su ɗauki takarda da biro su raba kwanakin mako, a manna a bango. Jinyar mahaifi da dare, da wankansa da tsarkinsa, ta koma hannun 'ya'ya maza. Mai jinyar da ta daɗe tana yi a ba ta yini guda cur a kowane mako, ta je gidansu, ta je biki, ta yi kitso, ta yi baccinta, kuma kada a bi ta da waya. Yarinyar da aka cire daga makaranta a mayar da ita, kada jarrabawar WAEC ko NECO ta wuce ta saboda yayyenta sun fi ƙarfin ɗaukar fo. Wanda ke nesa ya turo kuɗi, ya ware wani abu da sunan mai jinyar ita kanta, ya kuma zo hutunsa ya kwana a tabarmar nan ya ɗanɗana.

Mai zuwa dubiya kuma ya gyara dubiyarsa. Ya taƙaita zama, kada ya zame wa gidan baƙon da za a dafa wa abinci. Ya zo da sabulu ko omo ko abincin da aka dafa, ya cika randa da ruwa, ya tafi da takardar magani ya sayo. Kafin ya fita ya juya ya gai da mai jinya da sunanta, ya tambayi lafiyarta, ya tsaya ya saurari amsa.

Samarin da ke iya shirya taron dubban mutane, su tsara sahu, su kula da motoci, su kwana suna gadi, ba za su kasa rubuta sunayen gidaje goma na unguwarsu da ke da tsoho a kwance ba. 'Yan agaji da suka koyi taimakon farko su raba kansu, maza ga tsofaffi maza, 'yan'uwa mata ga mata, ko da awa uku ne a mako. Masallatai su buɗe asusun keken guragu da katifa da famfas na manya, a ba da aro, idan buƙata ta ƙare a kai wa wani gidan. Limamai su sa wannan magana a huɗuba.

Kowane saurayi da ke tafiya yau da ƙarfinsa, in Allah Ya ja kwana, wata rana shi ne a kan katifar, kuma 'ya'yan da za su juya shi suna kallon abin da yake yi wa nasa uban. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa kaffara ne. Allah Ya saka wa masu jinya da mafificin alheri, Ya ƙara musu lafiya, Ya kuma farkar da waɗanda suka bar musu kayan. Amin.